Wane Wuri Ne A Fim Ɗin Soyayya Ya Fi Tsaya Muku A Rai?

Bintun_Pantami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, kuma ina so kowa ya amsa tsakaninsa da Allah. A duk finafinan da kuka taɓa kallo, na Hausa ne ko na Indiya ko na Turawa, wane wuri ne na soyayya ya tsaya muku a rai har yau? Ba fim ɗin gaba ɗaya nake nufi ba, wuri guda tak. Ni dai a ganina wurin da ya fi ratsa zuciya ba wurin rawa da waƙa ba ne, wurin da aka yi shiru ne. Nawa yana cikin Sholay na 1975. Fim ne na faɗa da 'yan fashi, amma akwai inda Radha, wadda aka kashe wa miji, take bin barandar bene da daddare tana kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya, Jai kuma yana zaune can ƙasa yana busa ɗan abin busarsa na baki. Babu wanda ya ce da wani uffan. Ta ɗan dube shi, ta sunkuyar da kai, ta shige ɗaki. Tana cikin fararen kayan da matan da mazansu suka mutu suke sakawa a can, ta san ba ta da bakin cewa tana so, shi ma ya sani. Ku fa?

Sadiq_Tumfure:
Wa alaikumus salam. Anti Bintu kin fara da babba. Amma ni ba na ja da baya a kan tashar jirgin ƙasa ta ƙarshen Dilwale Dulhania Le Jayenge. Uban ya riƙe hannun Simran gam, jirgi ya fara motsi, Raj yana tsaye a bakin ƙofa fuskarsa duk jini. Can sai uban ya saki hannun. Wallahi duk sanda na kalla sai tsigar jikina ta tashi.

Maman_Khalifa:
Sadiq ka riga ni. Sai dai ni ba gudun da ta yi ne yake taɓa ni ba, fuskar Amrish Puri ce, wanda ya fito a uban, lokacin da yake sakin hannun. Duk wadda ta taɓa aurar da 'ya ta san abin da ke cikin wannan fuskar.

Dan_Jekadafari:
Ku bari in ƙara muku wani abu a kan fim ɗin nan, don mutane da yawa tashar kawai suke tunawa. Kafin a kai can, uwar Simran da kanta ta ce musu su gudu, don ta san mijinta ba zai sauya magana ba. Raj ya ƙi. Ya ce shi ba zai sace 'yar mutane ba, sai ubanta ya ɗauki hannunta ya ba shi da kansa. To a wurina nan ne soyayyar take. Saurayin da aka buɗe wa ƙofar gudu, uwa ta yarda, yarinya tana roƙo, amma ya zaɓi ya ci gaba da tashi da asuba yana bin tsoho gona suna watsa wa tattabaru hatsi, yana neman shiga ransa. Shi ya sa fim ɗin ya karɓu a wurinmu. Mu ma abin da muka sani ke nan, ba a aure sai manya sun shiga, sai an je an gaida iyaye, sai waliyyi ya bayar. Fim ɗin ya fito a 1995, kuma akwai wani gidan silima a Mumbai mai suna Maratha Mandir da ya yi shekara da shekaru yana nuna shi kullum. Ba don rawa kaɗai mutane suke komawa ba.

Ummi_GSU:
Ni fa ban yarda cewa sai an yi shiru ba. Wani lokaci magana ce take kashe jiki. Kal Ho Naa Ho, inda Aman ya ɗauki littafin Rohit yana yi kamar yana karanta wa Naina abin da Rohit ya rubuta, alhali shafin babu komai a ciki. Abin da ke zuciyarsa yake faɗa, amma da sunan wani, don ya san ciwon zuciyarsa ba zai bar shi ya daɗe ba. Ranar da muka kalla a ɗakin kwanan ɗalibai babu wadda ba ta yi hawaye ba.

Bintun_Pantami:
@Ummi_GSU ai wannan ma shirun ne ƙanwata. Ya yi magana, amma bai iya cewa ni ne ba.

Ummi_GSU:
A'a Anti, ya faɗa mata a gabanta, idonsa cikin idonta. Ita ce dai ba ta gane ba a lokacin. Ni a wurina akwai bambanci.

Baffa_Bolari:
Yara, ku ba tsoho wuri. Da na ga ana ta maganar tashar jirgin ƙasa sai na tuna tamu. Jirgi ya iso Gombe a 1963, ya zarce Maiduguri a 1964, kuma mu da muka tashi a shekarun da jirgin yake aiki sosai mun ga rabuwa iri-iri a tashar nan. Akwai wani maƙwabcinmu da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Kudu. Matarsa Bafulatana ce, tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa jin ta ambaci sunansa ba. Ba ta rako shi tasha ba, don a lokacin abin kunya ne. Ƙaninta ta aiko, yaro ɗan ƙarami, ya iso yana haki jirgi na shirin tashi, ya miƙa ta taga wani ƙullin ɗankwali. Mutumin ya kwance a gabanmu, dambun nama ne da goro, da carbinsa da ya manta a kan buzu. Ya riƙe carbin ya yi shiru, sannan ya juyar da kai ɗaya ɓangaren don kada mu ga idonsa. To lokacin da na zo na kalli wannan fim da Sadiq yake magana, na ji daɗinsa, amma na ce a raina mu namu ba a guje ake nuna shi ba. Abin da nake jira har yau shi ne mai fim ɗin Hausa da zai iya ɗaukar irin wannan ƙullin ɗankwalin ya sa mutane kuka.

Maman_Khalifa:
Allah Ya ƙara wa Baffa lafiya da nisan kwana. Wannan ya fi duk abin da aka faɗa.

Real_Abba_Nasarawo:
Baffa ran ka ya daɗe, ba musu nake ba, amma ba a yi wa 'yan Kannywood adalci. Su fa dole ce ta sa su koyi nuna so ba tare da taɓa juna ba. Hukumar tace finafinai ta Kano tana nan tun 2001, namiji ba ya riƙe hannun mace a fim, ko da mijinta ne a labarin. Kowa ya tuna abin da ya faru a 2016, da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta yi da ClassiQ. To jarumin da ba shi da damar runguma, da me zai nuna so? Da ido, da murya, da yadda zai tsaya nesa kaɗan. Ni ina ganin wannan ya fi wuya, kuma wasunsu sun iya.

Hajjo_Kumo:
Tun da an shigo gida, ni Sangaya ce. Fati Mohammed a matsayin Zubaina, 'yar aiki a gidan sarauta, ga Ali Nuhu ɗan sarki. Abin da ya tsaya min shi ne yadda take sunkuyar da kai in yana wurin, kamar ba ta da ikon ɗaga ido. Lokacin kaset ne. Gidanmu ne kaɗai mai bidiyo a layin, sai a fito da talabijin tsakar gida a ɗora a kan turmi da faifai, a shimfiɗa tabarmi, matan maƙwabta su shigo bayan isha da goyonsu. In aka zo waƙar sai a ce a mayar baya, a sake mayarwa, har kaset ya fara zane-zane. Akwai daren da aka ɗauke wuta ana tsaka da kallo, babu wadda ta tashi, aka zauna cikin duhu ana ta musun ko zai aure ta.

Dan_Jekadafari:
Hajjo kin tuna min. Kuma ga waɗanda ba su sani ba, Ali Nuhu namu ne ta wajen uba, mahaifinsa mutumin Balanga ne. A Maiduguri aka haife shi a 1974, ya tashi a Kano. A farkon 2024 aka naɗa shi shugaban hukumar finafinai ta ƙasa.

Sadiq_Tumfure:
Gaskiya dai a faɗe ta, yawancin soyayyar Kannywood kwafin Indiya ce. A je lambu, a canza kaya sau biyar cikin waƙa ɗaya, a zagaya bishiya. Wa ya taɓa zuwa zance haka a Gombe? Mu abin da muka sani shi ne ka tsaya a ƙofar gida ka aika yaro, ka jira, ta fito da ƙanwarta a gefe, a shimfiɗa tabarma a zaure, kana magana tana wasa da gefen mayafi.

Zee_Herwagana:
@Sadiq_Tumfure kai da ka fara da fim ɗin Indiya kai ne kuma kake kushe masu koyi da su? Iyayenmu da kakanninmu sun sha kallon Indiya tun zamanin Mother India na 1957, saboda sun ga abin da ya yi kama da rayuwarsu: auren dole, girmama iyaye, talaka da ya so 'yar mai kuɗi, mace mai rufe jiki da kunya. Wanda ya tashi da wannan a ido dole ya fito a aikinsa. Kuma ba duka ne kwafi ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino littafi ne tun farkon shekarun 1990 kafin a mai da shi fim, labarin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad talaka. Wurin da Sumayya ta faɗa rijiya saboda an ce sai ta auri wanda ba ta so, ni shi ne ba na mantawa.

Malam_Isa_Dukku:
Zee, a nan zan tsaya miki. Faɗawa rijiya ba soyayya ba ce, kuma bai kamata mu lissafa shi cikin wuraren da suka burge mu ba. Akwai yara a nan suna karantawa. Rai amana ce. Abin da ya kamata a ɗauka a labarin shi ne gargaɗi ga iyayen da suke tilasta wa 'ya auren wanda ba ta so, alhali addini ya ce a nemi yardarta. Ni ba na cikin masu cewa duk fim ɓata tarbiyya ne, amma in aka ƙawata irin wannan, yarinya mai ƙaramin tunani za ta ɗauka hanya ce.

Zee_Herwagana:
Malam ban ce ya burge ni ba, na ce ba na mantawa. Yayata aka yi wa irin wannan auren, ba ta faɗa rijiya ba, amma shekarun da ta yi a gidan nan Allah kaɗai Ya san yadda ta yi su. Da na ga wurin a fim ita na gani. Kuma ina ganin iyaye da dama sun sassauto saboda irin waɗannan labaran.

Malam_Isa_Dukku:
Allah Ya ba ta ladan haƙuri, Ya musanya mata da alheri. A kan iyaye kam bakinmu ɗaya.

Aunty_Rabi_Fed_Lowcost:
Na karanta tun daga sama, kusan kowa saurayi da budurwa yake kawowa, in ban da Baffa. Kamar so yana ƙarewa ne ranar da aka kai amarya. Ni nawa na tsofaffi ne, Baghban na 2003, Amitabh Bachchan da Hema Malini. Shekara arba'in da aure, 'ya'ya maza huɗu, ya yi ritaya daga banki, sai yaran suka raba su, wannan ya ɗauki uba wancan ya ɗauki uwa, a garuruwa daban. Akwai daren da take azumi irin na al'adarsu domin mijinta, shi ma ya ƙi cin komai. Suka yi waya, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Gidan ɗan nasa ba a ajiye masa komai ba, sai ya riƙa ƙwanƙwasa faranti don ta ji kamar yana ci. Ita kuma ta gane. Shekara arba'in tana zuba masa abinci, ta san ƙarar farantin da babu komai a ciki. Ba ta tona shi da faɗa ba, kuka ne ya ƙwace mata. Ni da maigidana muka kalla, da aka zo wurin sai ya miƙe ya ce bari ya duba ko an rufe ƙofar gida, kuma na san an rufe. Wannan shi ne abin da nake so 'yan fim ɗinmu su ƙara yi. In aka nuna miji da mata a fim ɗin Hausa, yawanci ko kishiya ce ta shigo, ko uwar miji, ko boka, ko saki. Ina matar da ta san takun mijinta tun daga zaure? Ina mijin da yake ɓoye rashin lafiyarsa don kada hankalinta ya tashi? Suna nan cike da unguwanninmu.

Hajjo_Kumo:
Anti Rabi wallahi kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A cikin shirin Daɗin Kowa na Arewa24 akan ɗan ga zaman aure na yau da kullum, shi ya sa manya suke zama su kalla.

Real_Abba_Nasarawo:
In maganar tsofaffi ce, ko a Titanic ma ni ba Jack da Rose ne suka dame ni ba. Akwai tsoho da tsohuwa da aka nuna na ɗan lokaci kwance a gado ruwa yana shigowa ɗakin. Mutanen gaske ne aka kwaikwaya, Isidor Straus da matarsa Ida. Lokacin da jirgin ya nutse a watan Afrilun 1912 an ba ta wuri a ƙaramin jirgin ceto, ta ƙi shiga ta bar mijinta.

Ummi_GSU:
Ikon Allah, ban taɓa sanin labarin gaske ba ne.

Musty_Azare:
Ina gaida mutanen Gombe, ɗan uwanku ne daga Bauchi, ai kafin 1996 jiha ɗaya muke. Ni duk sanda aka yi maganar soyayya a fim ɗin Hausa marigayi Ahmad S. Nuhu nake tunawa. Yana da wata irin natsuwa, in yana magana da budurwa a fim ba ya ɗaga murya, ba ya yawan motsi, ka ga yaro mai kunya irin na gida. A hanyar nan tamu ta Azare ya yi haɗari ya rasu ranar 1 ga Janairun 2007. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Maman_Khalifa:
Amin ya Allah. Da Hauwa Maina da sauran waɗanda suka riga mu.

Khalid_2004:
Duk tsofaffin finafinai kuke kawowa. Mu namu zamanin Labarina ne na Aminu Saira, da aka fara a 2020. Rigimar da aka yi a kan wa ya fi cancanta da Sumayya tsakanin Mahmud da Presdo, har a majalisarmu an yi ta. Sannan Ertugrul da Halima a fassarar Hausa. Jarumin da ba ya tsoron takobi, amma ranar da Halima ta rasu bayan haihuwar Usman sai ga shi ya karye. Ni wannan ne nawa.

Zee_Herwagana:
Labarina ya fi daɗi lokacin Nafisa Abdullahi. Ba kushe Fati Washa nake ba, 'yar Bauchi ce tamu kuma ta yi ƙoƙari, amma in ka saba da fuska ɗaya a matsayin Sumayya da wuya zuciya ta karɓi wata.

Dan_Jekadafari:
Khalid ka ambaci fassara, ni a nan nake da ƙorafi. Fassarar Indiya-Hausa ta taimaka, kakata ma yanzu tana bin labari daga farko har ƙarshe. Amma wasu masu fassarar ba sa barin shiru ya yi aikinsa. Wurin da darakta ya bar mutum biyu suna kallon juna kawai, sai mai fassara ya cusa barkwanci don a yi dariya a gidan kallo. Ka ɗauki wurin fitilun nan da Anti Bintu ta kawo, a ce wani ya saka magana a kai, ai an gama da shi.

Khalid_2004:
Yaya ba duka suke haka ba. Kuma da babu fassarar da yawancinmu ba mu san me ake cewa ba.

Bintun_Pantami:
Na ji daɗin yadda kowa ya buɗe ransa. Har yanzu ina kan bakata. Ku duba abin da aka kawo: hannun da uba ya saki, farantin da babu abinci, carbin Baffa, sunkuyar da kan Zubaina. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ko Veer-Zaara na 2004 da ba wanda ya ambata, shekara 22 Veer ya yi a kurkukun Pakistan bai buɗe baki ya faɗi ko shi wane ne ba, don kada sunan Zaara ya ɓaci, yana riƙe da sarƙar ƙafarta guda ɗaya. Da suka haɗu a kotu duk sun yi furfura.

Ummi_GSU:
Anti Bintu, wannan misalin naki ni tsoro yake ba ni. Shekara 22 fa. Ita tana can ƙauyen su Veer a Indiya tana kula da makarantar 'yan mata tana zaton ya mutu, shi yana kurkuku yana zaton tana gidan miji cikin jin daɗi. Shirun ne ya cinye musu ƙuruciya. Sai da lauyar nan da Rani Mukerji ta fito a matsayinta ta sa shi ya yi magana sannan aka samu mafita. A fim yana da daɗin kallo, amma ni na ga gidajen da miji bai taɓa ce wa matarsa yana sonta ba, wai kunya, ita kuma tana ta zargin ko ba ya yi da ita. Ba kowace mace ce za ta iya karanta fuska ba.

Baffa_Bolari:
'Yata Ummi, maganarki tana kan hanya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an tambaye shi wa ya fi so cikin mutane, ya ce A'isha, a gaban sahabbai bai ɓoye ba. Mu tarbiyyar da muka samu ce ta zo da nauyin baki. Amma ki sani matar nan da na ba ku labari, mijinta bai taɓa shakkar tana sonsa ba.

Aunty_Rabi_Fed_Lowcost:
Baffa, shi bai yi shakka ba don an aiko masa da dambu da carbi har tasha. Ita fa, me ya aiko mata daga Kudun?